Yadda Ake Rage Sukari a Abin Sha da Abincin Iyali Cikin Mako Takwas

Na fara wannan aiki a gidana bayan an auna jinin maigidana an ce sukarinsa ya soma hawa, kodayake bai kai a ɗora shi a kan magani ba. Daga baya na maimaita shi a gidan mahaifiyata da gidajen ƙannena biyu, da kuma na wasu maƙwabta da suka nemi in nuna musu. A duk gidajen nan abu ɗaya na tarar: babu wanda ya san adadin sukarin da ake sha, saboda ba aunawa ake yi ba, zubawa ake yi har sai harshe ya ce ya isa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a sha'anin sukari ido ba ya sanin komai, domin da zarar ya narke a ruwa ya ɓace wa ido ke nan. Saboda haka tsarin da zan bayyana ya ginu ne a kan awo da ragi kaɗan-kaɗan, kuma da uwargida nake magana, tunda yawanci cokalin yana hannunta.

Ma'aunin da za mu bi shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma in an sauko da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum mai matsakaicin ci, wannan yana nufin kada ya wuce gram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, kuma abin so shi ne gram 25, wato cokali 6. Yaro yana buƙatar ƙasa da haka tunda cinsa bai kai na babba ba. Lissafin ya haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse, amma bai haɗa da lemon zaƙi ko mangwaron da aka ci da tsokarsa ba, haka nan bai haɗa da zaƙin da madara take da shi na asali ba.

Kayan da za ki tanada

Ki keɓe ƙaramin cokalin shayi guda ɗaya wanda ba za a yi komai da shi ba sai awon sukari. Idan an ɗebo aka shafe bakinsa, yana ɗaukar kimanin gram 4, amma idan aka tula shi zai iya kusan ninka haka, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa yake karkacewa. Ki samu mazubi mai murfi wanda ake ganin cikinsa, da littafi da biro, da gorar ruwa wadda aka rubuta girmanta a jiki domin auna lita. Idan kuna amfani da sukari na ƙwaya, ki ɗauki kowace ƙwaya a matsayin cokali ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan kuma da gwangwanin madara kike awo, ki zauna sau ɗaya ki ƙirga cokali nawa ne ke cika shi. Nawa gwangwanin na ƙirga cokali 34.

Sai kayan ƙamshi, waɗanda su ne za su cike gurbin zaƙin da za a cire: citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a, lemon tsami da ɓawon abarba. A ƙarshe ki tabbatar akwai ruwan sanyi a gidan ko da yaushe. Wanda ba shi da firij, ko wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, randa ko tulun ƙasa da aka ajiye a inuwa ya wadatar, domin sau da yawa abin da ke kai mutum shago a tsakar rana ba zaƙin yake nema ba, sanyin yake nema.

Mataki na 1: Ƙidaya ta mako guda

A makon farko kada ki canza komai, kuma kada ki yi wa kowa faɗa. Ki auna sukarin da za ki zuba a mazubin ranar Asabar, ki rubuta adadin cokalin, ki sa kowa ya riƙa ɗiba daga nan kawai, sannan ki auna abin da ya rage idan mako ya zagayo. A gefe guda kuma ki rubuta duk wani abin zaƙi da ya shigo gidan daga waje: lemon kwalba, lemon kwali, zoɓon leda, yogot, biskit, alewa, fanke. Ki roƙi maigida ya gaya miki gaskiyar abin da yake sha a kasuwa ko ofis ko wajen mai shayi, ki kuma tambayi yara abin da suke saya da kuɗin tara.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne uwargida ta fara tsuke hannu tun a makon ƙidaya saboda kunyar abin da littafin zai nuna. Idan kika yi haka kin ɓata ma'aunin da za ki gwada ci gabanki da shi daga baya.

Mataki na 2: Mayar da komai zuwa cokali

Wannan ne wurin da ke buƙatar ɗan lissafi, amma sau ɗaya ake koyonsa. A jikin yawancin kayan gwangwani da kwalba akwai jadawalin sinadarai. Ki nemi layin da aka rubuta "sugars" a kayan Nijeriya da Gana, ko "sucres" a kayan Nijar da Kamaru da Cadi. Yawanci adadin da aka rubuta na mililita 100 ne ko gram 100, ba na kwalbar gaba ɗaya ba, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗuwa su ɗauka abin kaɗan ne. Baƙin lemo irin na kola yana ɗauke da kimanin gram 10 da rabi a kowace mililita 100. Robar santilita 50 mililita 500 ce, don haka sai ki ninka sau biyar, ki samu wajen gram 53, ki raba da huɗu, ki samu cokali 13. Ke nan roba ɗaya tak ta haye iyakar yini guda ta babban mutum tun bai sha shayin safe ba. Kwalbar santilita 35 kuwa tana da kusan cokali 9.

Idan babu jadawali, ki duba jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka duk abin da sukari ya zo a na ɗaya ko na biyu ko na uku a jerinsa, kayan zaƙi ne ko da an zana saniya ko alkama a jikin kwalin. Sukari yana kuma shigowa da wasu sunaye, irin su "glucose", "fructose", "sucrose", "dextrose" da duk abin da aka kira "syrup".

Abin da na ga ya fi kowane wa'azi tasiri shi ne nunawa. Ki ajiye robar lemo a kan faifai, ki auno cokali 13 na sukari ki tara a gefenta, ki kira mutanen gidan su gani. Surukata, wadda ba ta yarda da maganar likita da sauƙi, da ta ga tulin sai ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu duk wannan nake ɗura wa jikokina?"

Mataki na 3: Lemon kwalba da danginsa, mako na 2 zuwa na 4

Da abin sha ake farawa saboda sukarin da ke cikin ruwa ba ya ƙosar da mutum. Za a sha roba guda a kuma ci tuwo kamar ba a sha komai ba. Mataki mafi sauƙi shi ne a daina sayen katan ana ajiyewa a gida, domin abin da ke cikin firij shansa za a yi. Wanda yake sha kullum ya koma sau uku a mako na biyu, sau biyu a mako na uku, sau ɗaya a mako na huɗu, kuma ya zaɓi ƙaramar kwalba, ya sha tare da abinci maimakon ya riƙa kurɓa yini guda, saboda yawan maimaita zaƙi a baki shi ne ya fi ɓata haƙori. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 5 a kan roba ba ta hana kowa saya, don haka aikin na cikin gida ne.

Akwai abubuwa uku da ake komawa gare su da zaton an tsira. Na farko lemon malt, wanda ake haɗawa da madara a ba mai jego ko maras lafiya wai yana ƙara jini. Ki duba jikinsa za ki ga sukarinsa bai yi nisa da na sauran ba, kuma mai ƙarancin jini hanta da wake da ganye da maganin asibiti yake buƙata. Na biyu lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace, wanda ko da na gaske ne tsantsa, an raba shi da tsokar da ke rage saurin shigar zaƙi cikin jini. Na uku lemon ƙara kuzari da samari da direbobi ke sha, wanda ya haɗa sukari da sinadarin hana barci. Duka ukun a sa su a lissafi ɗaya da lemon kwalba.

Abin da za a sha a madadinsu shi ne ruwan sanyi da aka yanka lemon tsami ko kokwamba ko aka jefa ganyen na'ana'a a ciki. Mai ciwon gyambon ciki da lemon tsami ke tayar masa sai ya tsaya a kokwamba da na'ana'a.

Mataki na 4: Shayi, koko da kunun safe

A nan gaggawa ce ke rusa aiki. Harshe yana sabawa da ƙarancin zaƙi, amma yana buƙatar makonni, kuma idan kika cire sukari gaba ɗaya rana guda, yara za su ƙi kokon, maigida zai koma wajen mai shayi, ke kuma ki karaya. Ƙa'idar da nake bi ita ce rage rabin cokali a kowane kofi duk mako. Mai shan cokali huɗu zai sauko zuwa ɗaya cikin mako shida ba tare da ya ji wani babban bambanci ba. Ki ɗauke mazubin sukari daga kan tiren karin kumallo, ki riƙa aunawa da kanki a kicin. Idan a tukunya ɗaya kike dama wa kowa, ki ƙirga kofunan da take bayarwa ki yi lissafin a kan haka.

Ki lura da abin da ke shiga kofin bayan sukarin. Garin cakulan da ake haɗa shayi da shi yana da nasa sukarin mai yawa, don haka duk kofin da aka zuba shi ba ya buƙatar ƙari. Madarar gwangwani kuma iri biyu ce: akwai mai ruwa-ruwa wadda ba a sa mata sukari ba, akwai mai kauri da danƙo wadda kusan rabin nauyinta sukari ne. Idan ta biyun ce kaɗai ake samu a wajenku, ki ɗauke ta a matsayin sukarin kofin, kada ki ƙara wani. Dafa shayin da citta da kanumfari da ɗan kirfa yana sa a manta da ragin, haka nan koko mai isasshen yaji da kunun gyaɗa mai isasshiyar gyaɗa ba sa neman zaƙi da yawa.

Masu shan shayin majalisa, wanda ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi a sha zagaye uku, su ne suka fi ba ni wahala, saboda kofin ƙarami ne mutum yana ganin bai sha komai ba, alhali kowane zagaye da nasa sukarin. Abin da ya yi aiki a wajen ƙanena shi ne ya tsaya a zagaye ɗaya, kuma idan shi ne mai dafawa ya rage ƙwaya ɗaya a buta duk mako bai gaya wa kowa ba.

Mataki na 5: Zoɓo, kunun aya, fura da sauran na gida

Mutane da yawa suna barin lemon kwalba su koma zoɓo suna murna, alhali an gudu ne ba a tsira ba. Ga lissafin: lita 4 na zoɓo kofi 16 ne, idan kofin na mililita 250 ne. Wadda ta zuba gwangwani uku na sukari ta zuba cokali wajen 100, kowane kofi ya tashi da fiye da cokali 6, daidai da kofi ɗaya na lemon kwalba ke nan. Burinmu shi ne rabin gwangwani a lita 4, wato kimanin cokali ɗaya a kofi, kuma ana kaiwa can ne ta hanyar rage kashi ɗaya cikin huɗu duk mako biyu. In mako takwas bai isa ba, a ci gaba a haka har a kai.

Tsami ne ke jan sukari, don haka maganin yana wajen dahuwa. Ki rage yawan zoɓon ko ki ƙara ruwa, kada ki bar shi ya daɗe yana tafasa, ki dafa shi da ɓawon abarba da aka wanke sosai da citta da kanumfari. Ki auna sukarin tun kafin ki ɗanɗana, ki zuba, ki rufe mazubin. Ɗanɗana-ƙara ɗanɗana-ƙara ita ce hanyar da gwangwani ɗaya ke zama uku. Haka ake yi wa ruwan tsamiya da lemon citta.

Kunun aya ba ya buƙatar sukari ko kaɗan idan ayar mai kyau ce, dabino kaɗan da kwakwa sun isa. Sai dai fiye da rabin nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka wadda ta niƙa rabin kwano a ciki ba ta rage komai ba. Kunun zaƙi kuwa tun asali da dankalin Hausa iyayenmu suke fito masa da zaƙi, a koma ga hakan. Fura kuma a dama ta da kindirmo sabo wanda bai yi tsami ba. Idan nono mai tsami kaɗai aka samu, a sirka shi da ɗan madara kafin a nemi cokali. Zuma da mazarƙwaila suna da ɗanɗanon da farin sukari ba shi da shi, amma a jiki sukari ne, cokalinsu cokali ne a littafi.

Mataki na 6: Sukarin da ke ɓoye a abinci da jakar makaranta

Daga mako na biyar sai a juya ga abin da ake taunawa. Burodin da ake sayarwa a yawancin garuruwanmu mai zaƙi ne, kuma idan aka haɗa shi da shayi mai sukari an ninka. Yogot na roba, hatsin kwali na karin kumallo, biskit, cincin, fanke, da garin kwaki da ake jiƙawa da rana duk suna shiga lissafi. A cincin da kek da kike yi da kanki za ki iya cire kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin ba tare da sun lalace ba. Alkaki da nakiya da dubulan da gullisuwa kayan biki ne, a bar su a matsayinsu na kayan biki, ban ga dalilin yaƙi da su ba.

Jakar makaranta ta fi komai muhimmanci a wannan mataki. Biskit da lemon kwali kowace safiya, kwana biyar a mako, su ne ke gina harshen yaro. Ki maye gurbinsu da gorar ruwa da ɗaya daga cikin waɗannan: dafaffen ƙwai, ƙosai, awara, gyaɗa, ayaba, gwaiba, yalo ko karas. Ki bar masa rana ɗaya a mako ya zaɓi abin da yake so, domin hani gaba ɗaya yana sa yaro ya ci a ɓoye. Kada kuma a mayar da alewa ladan ƙoƙari ko abin rarrashi. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a sa masa sukari a kunu ko kaɗan, kada a zuba masa abin zaƙi a fida ya kwana yana tsotsa, kuma wanda bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kare kansa daga gare ta.

Mataki na 7: Baƙi, azumi da Sallah

Kawo wa baƙo lemo ya zama alamar karramawa, kuma babu mai son a ce ya yi rowa. Abin da nake yi shi ne in fara kawo ruwan sanyi, in biyo da kankana ko gwanda da aka yanka da zoɓon gida. Har yau ban ga baƙon da ya tashi da fushi ba. A azumi a buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, sannan a ajiye abin sha mai zaƙi kala ɗaya a kan tabarma maimakon zoɓo da kunun aya da lemo a lokaci guda. Kada ki fara wannan tsari a cikin azumi ko makon Sallah ko lokacin bikin gida. Ki bari hidima ta wuce.

Wuraren da ba a rage sukari

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari ya sanar da likitansa kafin ya canza cinsa, kuma ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko huɗu. Idan ya ji rawar jiki da gumi da jiri da yunwa mai tsanani, ya sha su nan take, domin faɗuwar sukari tana iya sumar da mutum. Haka nan ruwan gishiri da sukari na mai gudawa magani ne, ba a taɓa ma'auninsa: cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in ba a samu na leda da ake sayarwa a kemis ba, kuma lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Game da sinadaran zaƙi marasa sukari, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba, sai dai shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Ni dai ba na kawo su gidana, saboda suna barin harshe a kan son zaƙin da muke ƙoƙarin rage masa.

Mataki na 8: Sake ƙidaya

A mako na takwas ki maimaita ƙidayar farko daidai yadda kika yi ta, ki raba jimillar cokalin da yawan mutanen gidan da kwana bakwai, ki kwatanta da shafin farko na littafin. Idan adadin bai sauka yadda kike so ba, ki duba abin da ake saya a waje tukuna, domin yawanci ta nan ɓarakar take. Idan wani ya koma yawan shan zaƙi bayan tafiya ko biki, ya koma adadin cokalin da yake kai kafin ya zame, ba sai ya faro daga farko ba. Daga nan ƙidaya sau ɗaya duk wata uku ta isa, kuma cokalin awon ya ci gaba da zama a cikin mazubin.